Yadda zaka kai ƙarshen Mario na farko ba tare da ka fasa manet ba

Duk wanda ya tashi a Garwa ko Marwa ko Kuseri lokacin kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ake rubuta 9999 in 1 a jikinsa ya san Super Mario Bros, amma ka tambayi goma da ƙyar ka samu wanda ya taɓa kai ƙarshe, yawanci a duniya ta 4 ko ta 5 ake tsayawa ko wuta ta ɗauke ko babban yaya ya karɓe manet, wato abin riƙewa a hannu da ake danna wasan dashi. Wasan Nintendo ne na 1985, Shigeru Miyamoto ne ya jagoranci ƙirƙirarsa, duniya 8 ne kowacce mataki 4, kuma wlh har yau yana da daɗi, to ga yadda zakayi.

Farko dai ka samu manet na gaske. Ko ƙaramar na'urar nan da ake sayarwa a kasuwa wadda ake jonawa da tele, ko manet na Bluetooth in a waya zaka buga. Danna gilashin waya baya yi dan Allah kar ka wahalar da kanka, saboda sirrin wasan gaba ɗaya shine babban yatsanka ya kwanta akan madannin B Mario yana gudu sannan ka mirgina shi ka taɓa A kayi tsalle ba tare da ka saki B ba. In tele ɗinka irin sabbin nan ne masu faɗi ka duba saitin hoto ka sa na wasa, in ba haka ba zaka danna tsalle Mario ya makara ya faɗa rami kace hannunka ne.

Sai ka zauna a 1-1, wato duniya ta 1 mataki na 1, ka daɗe, kar kayi gaggawa. Wannan matakin malami ne. Babu rubutu babu bayani, ɗan dodon farko yana tahowa dole kayi tsalle, tsallen ya kaika ƙarƙashin bulo mai alamar tambaya, naman kaza ya fito ya bugi bututu ya dawo kanka ko baka so sai ka ci ka girma. Shi yasa yaran da basa jin Turanci balle Japananci suka iya shi a rana ɗaya, kuma masu haɗa wasanni har yanzu suna koyi da wannan tsarin. Anan zaka gane in ka taɓa A kaɗan tsalle gajere ne, in ka riƙe ya tashi sama sosai, in kana gudu ya ƙara nisa. Bayan bututu na huɗu kafin ramin farko akwai ɓoyayyen bulo a sama mai ƙarin rai, kayi ta tsalle a wurin zaka buge shi. Kuma kwabo 100 rai ɗaya ne, ka dinga tsinta.

Hanyar yanke kuwa a 1-2 take. Kusa da ƙarshe ka hau lif mai tashi sama ka dira kan rufin bulo, ka ruga dama ka wuce bututun fita, zaka tarar da bututu uku na duniya 2 da 3 da 4. A 4-2 ma akwai wata, bayan ka haye ramin lif akwai ɓoyayyun bulo da zaka taka ka bugi wanda itacen hawa ke fitowa a ciki, shi zai kaika bututun 6 da 7 da 8. Amma ni shawarata kar ka tsallaka kai tsaye zuwa 8 a makon farko, hannunka bai nuna ba, 8-1 doguwa ce lokacinta 300 kacal ga ramuka masu ɗan wurin taka ƙafa, 8-3 kuma masu jifa da guduma ne suka tare hanya, in baka da furen wuta zaka sha wuya. Gara ka bi 5 da 6 da 7 a hankali ka saba.

Abinda mutane da yawa basu sani ba, in rayukanka suka ƙare aka maidoka farko, ka riƙe A ka danna Start, zai ajiyeka a farkon duniyar da ka mutu. Wannan kaɗai ya isa ya kaika ƙarshe. In kuma a waya kake da damar ajiye wasa a ko'ina, kayi amfani da ita a farkon mataki kawai, mai ajiyewa bayan kowane tsalle zai gama amma bai koyi komai ba.

8-4 gidan ruɗu ne, in ka wuce bututun da ya kamata ka shiga hanya zata dinga maimaita kanta har lokaci ya ƙare, sai ka lura da wanda ka gwada ka haddace. Shi kuma Bowser, babban dodon ƙarshe, ba sai ka kashe shi da wuta ba, ka jira yayi tsalle ka ruga ta ƙarƙashinsa ka taɓa gatarin dake bayansa gada ta rushe. In ka gama ka sake farawa zaka ga ƙananan dodannin sun koma masu ƙoƙo mai tauri kuma sun ƙara sauri, zagaye na biyu kenan.