Waƙafi mai ruwa a rubutun Turanci: inda ake yawan tuntuɓe

Duk lokacin da na zauna duba insha'in Turanci na ɗalibai, alamar da ta fi cinye mini jan biro ita ce waƙafi mai ruwa, wato ɗigo a sama, waƙafi a ƙasa (;). Yawancinsu suna barbaɗa ta ne kamar gishiri, don rubutun ya yi kama da na manya. Alhali tun da Aldus Manutius, wani mai ɗab'in littattafai a Italiya, ya fara buga ta a shekarun 1490, aikinta bai da yawa.

Gwajin da nake ba kowa shi ne: cire ta, ka sa aya a wurin. In abin da ke gabanta da abin da ke bayanta kowanne ya tsaya da ƙafarsa a matsayin cikakkiyar jimla, to ta zauna daidai. "The rain stopped; the traders returned." Ruwa ya ɗauke, 'yan kasuwa suka dawo. Jimla biyu ne masu dangantaka, ba ka so aya ta raba su kwata-kwata. Amma dubi wannan: "Although he was tired, he kept working." Ɓangaren farko gurgu ne, ba zai tsaya shi kaɗai ba. Waƙafi zalla ake sawa a nan.

Inda aka fi faɗuwa kuwa shi ne wajen "however", da 'yan uwanta irin su "therefore" da "moreover". Ɗalibi zai rubuta "She studied hard, however she failed", ya ga kamar ya gama. Matsalar ita ce ya ɗauka "however" daidai take da "but". Ba haka ba ne. "But" tana iya ɗinke jimla biyu da waƙafi kawai, "however" ba ta da wannan ƙarfin. Gyaran: "She studied hard; however, she failed." Lura da waƙafin da ya biyo bayanta. Sai dai kada a wuce gona da iri. In kalmar ta faɗo tsakiyar jimla ɗaya, kamar "She did not, however, give up", waƙafi biyu sun wadatar. Na ga masu maƙala waƙafi mai ruwa duk inda suka hango "however", su ɓata jimlar da ba ruwanta.

Wasu kuma suna rikita ta da ruwa biyu (:). "Buy the following; rice, oil and salt" kuskure ne, ruwa biyu ke buɗe jeri. Haka "Dear Sir;" a kan wasiƙa, ban san inda aka samo shi ba.

A cikin jerin kansa dai tana da amfani, in abubuwan da ake lissafawa suna ɗauke da nasu waƙafin: "We traded in Kano, Nigeria; Zinder, Niger; and Kumasi, Ghana." Ba don ita ba, mai karatu zai ƙirga wurare shida maimakon uku.

Saura babban baƙi. Bayanta ƙaramin baƙi ake ci gaba da shi, sai in kalmar sunan mutum ce ko na wuri, ko kuma "I". Masu shirin WAEC su kula, ana rage maki a kan irin wannan.