Yadda ake zana Radha da Krishna a salon Kangra

Mafi yawan masu koyon ƙaramin zanen Indiya da na gani sun ajiye burushi, ba rashin iya zane ya kore su ba. Hannunsu na tafiya daidai, amma in sun gama sai launi ya fito a dushe, ko ya tsattsage, ko ya bar gari a yatsa. Abu biyu ke jawo haka: ƙaron da suka sa a launi bai daidaita ba, kuma ba sa goge zanen, wato murza shi ya yi sheƙi, tsakanin shafa launi da sake shafawa. Kan su zan fi tsayawa.

Salon da nake nufi na Kangra ne, wani kwari a gindin tsaunukan Himalaya, a jihar Himachal Pradesh ta yanzu. Ya samo asali daga Guler, daga gidan mai zane Pandit Seu da 'ya'yansa Manaku da Nainsukh, ya bunƙasa zamanin Sarki Sansar Chand wanda ya rasu a 1823. Abin da aka fi zanawa shi ne Krishna, ɗaya daga abubuwan bautar Hindu, da masoyiyarsa Radha a dajin Vrindavan, a bakin kogin Yamuna, sau da yawa bisa baitukan Gita Govinda da Jayadeva ya tsara a ƙarni na 12. A wurin mabiya addinin Hindu begen Radha ga Krishna misali ne na begen rai ga abin bauta, don haka masu zanen ba sa yi masa riƙon wasa. Wanda ba ya son zana siffar mutum zai iya koyon dukkan matakan nan a kan bishiya, kogi da hadari.

Da farko sai takarda. Ana kiranta wasli, ba kuma saye ake yi a yanka kawai ba. Ka sami takarda mai ƙwari wadda aka yi da auduga, falle uku ko huɗu, ka dama sitacin alkama ya yi laushi babu gudaji, ka jefa ɗan alif don kada ƙwari su ci, ka manna fallayen ɗaya kan ɗaya kana korar iska daga tsakiya zuwa gefe da tafin hannu. Ka danne ta da abu mai nauyi har ta bushe ƙarau. Santimita 15 da 20 ta ishi mai koyo. Kada ka fara da babba, gajiya za ta riga ka kai wa fuska.

In ta bushe sai goge na farko. Ka kifa takardar a kan gilashi mai kauri ko dutsen marmara mai santsi, ka murza bayanta da dutsen aƙiƙ, sama da ƙasa, sannan hagu da dama, da ƙarfin kafaɗa. In aƙiƙ ya yi maka tsada, bayan babban cokalin ƙarfe mai santsi zai riƙe ka na ɗan lokaci, ko da yake yana gajiyar da wuyan hannu. Za ka san ta yi idan ka karkata ta wajen taga ka ga haske na zamewa a kanta.

Sai ka zana siffofin da jar ƙasa mai ruwa-ruwa, wadda Indiyawa ke kira geru. A shawarata, ka kwafi tsohon zane guda daga farko har ƙarshe kafin ka ƙirƙiri naka, domin su kansu masanan da kwafi suke koyar da yaransu, har sukan huda layin zane a kan siririyar fata su barbaɗa gawayi ya sauka a sabuwar takarda. Ka zaɓi mai sauƙi: mutum biyu a gindin bishiyar kadamba, kogi a ƙasa, hadari a sama. Fuskoki a gefe ake zana su, ido ɗaya ake gani. Bayan haka ka shafe takardar duka da farin launi siriri ƙwarai, wanda jan layin zai riƙa leƙowa ta ƙarƙashinsa, ka sake kifawa ka goge, sannan ka bi layin da baƙi, kana gyara abin da ya karkace.

Yanzu ga inda ake faɗuwa.

Launin wannan zane gari ne da ƙaro da ruwa, babu mai a ciki. A Indiya ƙaron bishiyar babul ake amfani da shi, ita ce bagaruwarmu, kuma ƙaron dakwara da ake samu a Yobe, Borno, Chadi da Sudan ya fi shi tsabta, saboda haka ba ka da uzurin sayo na kwalba. Ka zaɓi ƙwayoyi farare, ka jiƙa su kwana ɗaya, ka tace da farin ƙyalle. Ka zuba garin launi kaɗan a ƙumba ko ƙaramin farantin tangaran, ka ɗiga ƙaro digo biyu ko uku, ka murza da yatsa, ba da burushi ba. Ka ci gaba da murzawa har sai ka daina jin tsakuwa ko guda a ƙarƙashin yatsan. Mai koyo yakan tsaya bayan minti biyu. Kwata na awa ma ba ta yi yawa ba.

Kafin launin ya taɓa zanenka, gwada shi a gutsuren takarda, ka bari ya bushe, ka murza da babban yatsa. In ya bar gari, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli, ko ya tsage da ka lanƙwasa takardar, ƙaro ya yi yawa: ka cika ƙumbar da ruwa, ka bari garin ya kwanta, ka tsiyaye ruwan sama. Abin da ake so shi ne ya bushe ba ƙyalli, ya kuma riƙe. Kowane launi da ƙishirwarsa. Baƙin hayaƙin fitila na son ƙaro sosai, duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo ya san haka. Fari kuwa kaɗan yake so, shi ne ma ya fi saurin ɓarewa.

Sannan shafi. Launin ya zama ruwa-ruwa, ka shafa sau ɗaya, ka bar shi ya bushe sarai, ka kifa, ka goge ta baya, ka sake shafawa. Sau uku, wani wurin sau huɗu. Mai gaggawa yakan lafta shafi ɗaya mai kauri don ya rufe farin takarda, daga nan aiki ya lalace, domin kaurin ba ya karɓar goge, karyewa yake. Gogen ne ke danne ƙwayoyin launi cikin takarda har su fito da sheƙi, kamar yadda masu bugu ke fito da sheƙin shadda. Kada ka taɓa goge zane da damshi a jikinsa, zai manne wa gilashin ya bar maka tabo. Ka kuma share gilashin kowane lokaci, musamman da hunturu, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layi a tsakiyar fuskar Radha.

Batun kuɗi da lafiya: shuɗin dutsen lajward tsada gare shi, jan shingraf na ɗauke da sinadarin makuri, rawayan harital kuma da asinik, waɗannan biyun guba ne. Mai koyo ba ya bukatarsu. Shuni, jar ƙasa, rawayar ƙasa, baƙin fitila da farin zinki sun isa. In ma fentin guwash na kanti ka samu, wato fentin ruwa mai kauri, ka wanke shi ta hanyar tsiyayewar nan, ka sa naka ƙaron. Ko wane launi kake riƙe da shi, ka bar ɗabi'ar gyara bakin burushi da leɓe.

Ka fara da sama, ƙasa, ruwa da bishiyoyi, sannan tufafi, fata daga ƙarshe. Jikin Krishna shuni ne da fari, shuɗi mai sanyi irin na hadarin damina, kada ya yi kauri har ya koma baƙi. Zaninsa rawaya ne, da gashin ɗawisu a kambinsa da sarewa a hannu. Waɗannan alamominsa ne, ba a sauya su. Koren Kangra iri-iri ne, kowace bishiya da nata, daga shuni da rawaya kake haɗa su.

Inuwa ana yin ta ne da abin da ake kira pardaz: ƙananan layuka sirara jere da juna, da burushin gashin wutsiyar kurege wanda ya kusa bushewa. Kaɗan a ƙarƙashin haɓa, a gefen kumatu, a lanƙwasar mayafi. Ni dai in ana ganin layukan daga nesan kamu ɗaya, sun yi yawa. Daga nan ka sake bin duk layin waje, siriri, da numfashi ɗaya, ka bar ido ya zama na ƙarshe a fuska. Ka sa jan lalle a yatsu da tafin ƙafa.

Ka yi goge na ƙarshe kafin ado. Zinari ka shafa shi a kambi da bakin mayafi, in ya bushe ka murza shi ta gaba da tsinin aƙiƙ. Lu'ulu'un wuya ɗigo ne na fari mai kauri, ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan su babu sauran goge, don zai baje su. Sai ka ja layin gefe da rula, shuɗi mai duhu daga ciki, ja-ja mai haske daga waje, ka sa siririyar takarda a kan fuskar zanen, ka ajiye shi a kwance inda damshi ba ya kai wa.