Yadda Ake Gyaran Tsohuwar Katangar Dutse a Gidajen Manya na Karkarar Ingila

Duk wanda aka danƙa wa kula da katangar tsohon gidan masu ƙasa a karkarar Ingila, kafin ya taɓa ko da dutse ɗaya, sai ya bincika ko gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke riƙe da ita. Idan yana ciki, dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990 ta ɗauki katanga da ginshiƙan ƙofar da suke harabarsa tun kafin 1 ga Yulin 1948 a matsayin ɓangaren gidan, don haka rushe su ko sauya fasalinsu ba da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne.

Daga nan sai a bi katangar a duba inda ta kumbura ko ta karkata, musamman duwatsun samanta, domin idan suka goce ta nan ruwan sama yake shiga.

Babban kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne liƙe ta da siminti. Sai a 1824 aka yi wa simintin Portland, wato simintin da aka saba amfani da shi a yau, rajista, alhali yawancin waɗannan katangu da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka gina su. Wannan kwaɓi ya fi dutsen laushi, kuma yana barin danshi ya fita. Siminti kuwa yana tsare ruwa a ciki, idan hunturu ya zo ruwan ya daskare, sai fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Saboda haka a kankare tsohon kwaɓin da ya ruɓe a tsagar da ke tsakanin duwatsun da hannu, kada a sa inji, zurfin ya kai kamar ninki biyu na faɗin tsagar, a jiƙa wurin, a cusa sabon kwaɓin farar ƙasa, sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe da gaggawa. Ba a yin wannan aiki idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 5 na Selsiyus. Katangun yankin Cotswolds da aka jera ba kwaɓi kuwa, da duwatsunsu na asali ake mayar da su, gindi da faɗi, sama a tsuke.

Ginshiƙan ƙofa sukan tsage ne saboda ƙarafan da magina suka binne a ciki don riƙe duwatsun, waɗanda ke kumbura idan sun yi tsatsa. Idan sauke ginshiƙi ya zama dole, a ɗauki hotonsa, a sa wa kowane dutse lamba, sannan a musanya ƙarafan da waɗanda ba sa tsatsa.