Ɗan zango a ofis: kurakuran da ke cinye albashi da mutunci

Duk shekara yaranmu na unguwannin Nima, Maamobi da Sabon Zango a Accra, babban birnin Ghana, suna gama bautar ƙasa, su samu aiki a ofisoshin Ridge ko Airport City, sai su faɗa kurakuran da yayyensu suka faɗa. Abin ya ishe ni.

Mafi tsada shi ne sanar da gida adadin da ke cikin takardar ɗaukar aiki. Wannan adadi ba ya shiga aljihunka. Za a cire kashi 5.5 cikin ɗari na tushen albashi a ba SSNIT, wato hukumar fansho, hukumar haraji ta GRA ta ɗauki haraji, kai kuma ka fitar da kuɗin trotro (motar haya) da na abincin rana. Idan tushen albashin sidi 4,000 ne, 220 sun tafi tun ba a zo kan haraji ba. Amma a gida 4,000 aka ji, kuma a kanta za a ɗora kuɗin makarantar ƙanne, haya, suna, biki da sadakar rasuwa. Wata bai raba ba ka koma cin bashin MoMo (asusun kuɗi na waya) mai ruwa. Taimakon iyaye wajibi ne, ba mai ja da wannan, amma wanda bashi ya shaƙe ba ya taimakon kowa. Ni abin da nake cewa: ka jira takardar albashinka ta farko, ka zauna da mahaifiya ku yanke adadi guda da za ka iya kowane wata, ka tura shi ranar da albashi ya shigo. Ka ware wani ɗan abu daban na bukukuwa. In ya ƙare, ka ce ya ƙare.

Na biyu kunya ce. An tarbiyyantar da mu kada mu tsare babba da ido, kada mu mayar masa da magana. A tsakar gida wannan ado ne. A ofis kuwa, shugaba ya ba ka aiki, ba ka gane ba, ka sunkuyar da kai ka ce "to", ka je ka kwana uku kana yin abin da ba shi aka ce ba! Haba ƙanina, wa ka burge? Shi bai ga ladabi ba, rashin iya aiki ya gani, kuma a watannin gwaji ake yanke hukuncin riƙe ka ko sallama. Kafin ka bar teburinsa ka tambaya: yaushe ake so, a wane tsari, wa zai duba? Ka koma ka rubuta masa imel mai layi biyu kan abin da kuka tsayar. Ranar da magana ta canza, wannan imel ne shaidarka.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ci bashin kwat da takalmi. Riga uku masu guga sun isa. Saƙon murya a WhatsApp na abokai ne, ba na shugaba ba. Maganar fita sallar Juma'a ka yi ta a makon farko, ba ka riƙa sulalewa ba. Cunkoson motoci a mahaɗar Circle ba uzurin makara ba ne, kowa ta nan ya biyo.

Ka riƙa duba bayanan asusunka na SSNIT, domin akwai ma'aikatun da ke cirewa ba sa biya. Hutun shekara kuma haƙƙinka ne: Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ba ka aƙalla kwanakin aiki 15 da cikakken albashi, don haka ka rubuta ka nema.