Yadda za ku kafa wa matan ƙauyenku asusun akwati

Mu mazauna Aboabo da Asawase a Kumasi, in an ce a taimaki mutanen gida a Arewacin Ghana, abin da muka iya shi ne tura kuɗi ta waya, wato MoMo. Akwai hanyar da ta fi wannan ɗorewa. Ƙungiyar CARE ce ta fara ta a yankin Maraɗi na Nijar a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, yanzu kuwa har ƙauyukan Bawku da Walewale ana yin ta.

A tara mata 15 zuwa 25, su zaɓi junansu. Kada a cusa musu kowa, ko matar mai gari ce. Maƙeri ya ƙera akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai kowa na zaune.

Duk mako a haɗu. A yanke zubi, misali sidi 5, mace ta yi zubi ɗaya har biyar gwargwadon ƙarfinta, a buga mata hatimin kowane zubi a littafinta. Wadda ba ta yi boko ba ma ta iya ƙirga hatimi. Kuɗin rashin lafiya da gaisuwar mutuwa a ware musu jaka. Rance kada ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, ta biya cikin wata uku. A nan ya fi adashi: ba sai kwasarki ta zo ba.

Wasu na ɗora kuɗin ruwa. Mu dai ba ma yi. Ƙungiya ce ke sayen buhun ƙwaran kaɗanya da damina yana araha, ta sayar wa mai so bashi da riba sananniya. A zauna da liman tun farko.

Abin da nake roƙonku, 'yan'uwa, kada ku zuba musu ko sisi a akwatin. Kuɗin da aka ce daga Kumasi ya zo, kyauta ake ɗaukarsa, ba mai biya. Wanda mace ta san gumin maƙwabciyarta ne, kunya ba ta barinta ta riƙe. Ku sayi akwati da littattafai, ku nemo wa man kaɗanyarsu masu saye a kasuwar Kejetia.

Bayan shekara a fasa a raba, kuma a sa ranar gab da damina saboda taki da iri. In kuɗi ya yi wa akwati yawa, a kai bankin karkara mai lasisi. A 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347, don haka a ga takarda kafin a miƙa.