Yadda ake binciken ƙaura da sauyin yanayi a yankunan delta ba tare da an bar mata a baya ba

Delta ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da kogi ke rarrabuwa a kanta kafin ya zuba cikin teku, kamar ta Ganges da Brahmaputra a Bangladesh da Indiya, da ta Mekong a Vietnam, da ta Volta a Ghana. Mai bincike a irin waɗannan wurare ya fara da rarrabe musabbabai, domin ba kowace zaizaya ce sauyin yanayi ya haifar ba. Madatsar ruwa ta Akosombo a Ghana da aka kammala a 1965, da ta Aswan a Masar da aka kammala a 1970, sun tare lakar da kogunan Volta da Nilu ke kaiwa gaɓar teku, sannan yawan janyo ruwan ƙarƙashin ƙasa yana sa yankin Mekong nutsewa sannu a hankali. Saboda haka a tattara bayanan ruwan sama, da awon gishirin ƙasa, da hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru da yawa kafin a shiga ƙauyuka.

Wajen tsara tambayoyi, kada a ce wa mutum, "Sauyin yanayi ne ya kore ka?" Yawancin mutane za su ce neman aiki ko aure ko karatu ne ya fitar da su, kuma gaskiya suka faɗa. Abin da ya fi amfani shi ne a bi tarihin sana'ar gidan, a ji shekarar da ruwan gishiri ya shiga gona, da lokacin da shinkafa ta daina yin albarka, da yadda bashi ya taru har wani ya tafi cin rani.

Babban kuskuren da ake yawan yi shi ne a tambayi maigida shi kaɗai, a rubuta amsarsa da sunan ta gida duka. A zauna da mata daban, mace ce kuma ya kamata ta yi musu tambayoyin, a lokacin da aikin gida ya lafa. Bayan guguwar Aila ta 2009, maza da yawa daga kudu maso yammacin Bangladesh sun nufi Khulna da Dhaka neman aiki, mata suka zauna da yara da tsofaffi, suna tafiya mai nisa don samo ruwan sha marar gishiri. Wanda ya ƙirga matafiya kawai ba zai ga wannan wahala ba. A tambaya a hannun wa kuɗin da ake aikowa ke faɗawa, wa ke yanke shawarar sayar da gona, kuma sunan wa ke kan takardar fili. Kada kuma a ɗauka mata ba sa ƙaura, ga masana'antun ɗinkin tufafi na Dhaka nan cike da su.

Daga nan a bi matafiya har inda suka sauka, kamar yadda DECCMA, wani shirin binciken ƙaura da sauyin yanayi, ya yi tsakanin 2014 da 2018 a yankunan delta na Volta, da Mahanadi a Indiya, da Ganges. A koma ƙauye ɗaya da rani da damina, a nemi gidajen da talauci ya hana su tashi ko da sun so, kuma a sami yardar kowa tare da ɓoye sunansa a rahoto.