Idan Kaza Ta Fara Ɗingishi

Ni dai duk ranar Juma'a da yamma, idan kajina sun shiga akurki, nakan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya in duba tafin ƙafarsu. Wata wake-waken kazata ce ta koya mini haka. Kwana uku tana ɗingishi ina cewa ƙaya ce, ashe tafin ya kumbura, da wani baƙin ɓawo a tsakiya. Ƙwayar cuta ce ke shiga ta ƙaramin yanka, na ƙusa ko fasasshiyar kwalba, sai wurin ya tara mugunya.

Ki tsoma ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri na minti 15, kullum, har ɓawon ya yi laushi. Ki tsane ta, ki shafa aidin, ki ɗaure da bandeji, amma kar ki matse yatsun. Ki ware kazar a busasshen wuri. Idan kumburin ya hau sama ko ƙafar ta yi zafi, wannan aikin likitan dabbobi ne, kar ki sa reza.

Ƙafar da ta yi kaushi, ɓawonta ya ɗaɗɗaga, ƙananan ƙwari ne a ƙarƙashi. Basilin ko man kaɗanya, ki mulke sosai duk bayan kwana biyu, na wasu makonni. Man ne ke toshe musu numfashi.

Sai zare da gashin kitso, abin da ya fi ba ni haushi. Sukan naɗe yatsan ɗan tsako har ya guntule. Da damina kuma ki riƙa sauya ɓuntun shinkafar akurki kafin ya jiƙe.